Shekarar da Na Yi Ina Neman Fuskar Ihsan

Azare, ranar Asabar.

Zuwa ga Adda Fatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara, musamman ɗana Abdulrahim. Yaya tarin nasa? Allah Ya sa ya sake shi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direban Gamawa. Wayata tana wurin maigidana Malam Gali, ni da kaina na ba shi ajiya. Likitar da yake kai ni wurinta ce ta ce in huta da ita, ni kuma na san muddin tana kusa da hannuna ba zan iya ba.

Adda, kin ɗauki yaron nan ba ki tambaye ni komai ba, don haka ya kamata ki san mafarin abin. Kin tuna Ihsan, 'yar Sudan ɗin da muka zauna ɗaki ɗaya lokacin da nake karatu a can, wadda mahaifiyarta ta riƙe ni kamar 'yar cikinta? Da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu muna gaisawa jefi-jefi, har ta yi mini barka da haihuwa. Rana ɗaya layinta ya daina shiga.

Daga nan na fara bin hotunan yaƙin a waya. Duk inda aka nuno mata suna gudu sai in tsayar, in duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ban gan ta ba, amma na ga abubuwan da har yau idona bai manta ba. Abinci ya fita raina. Acaɓa ya yi ƙara a ƙofar gida sai in zabura kamar harbi na ji. Na daina zuwa Islamiyyar da nake koyarwa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce ƙarancin tawakkali. Ni kuwa gani nake idan na ajiye wayar na ci amanarta. Haka nake har ranar da Abdulrahim ya rarrafa ya nufi gawayin da na hura, maƙwabciyarmu Zulaiha ta fizge shi, ina zaune ban ko ɗago kai ba. Washegari kika zo kika goya shi.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce tausayi ba ciwo ba ne, amma kallon da nake yi bai taɓa kai wa Ihsan ko kofin ruwa ba. Yanzu labaran rediyo na safe kawai nake ji, in yi musu addu'a, in tashi in kama aiki. Da la'asar mukan taka da Zulaiha har bakin kasuwa. Barci ya fara dawowa.

Ki shafa mini kan yaron.

Ƙanwarki,
Surayya.

Azare, ranar Laraba.

Adda Fatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya, da gajiyar baƙi. Mun iso gida lafiya, Allah Ya saka da alheri.

Akwai abin da na kasa faɗa miki da muka zo. Ihsan tana raye. Saƙonta ya shigo makon jiya, Malam ya kunna mini. Tana sansanin 'yan gudun hijira a Chadi, mahaifiyarta kuma ta rasu a hanya, Allah Ya jiƙanta. Na yi kuka, na kuma yi sujada. Amma a ƙarshen saƙon tana dariya take tambaya ko yaron ya fara tafiya, kuma wace kalma ya fara faɗa. Adda, matar da ta rasa gida da uwa ce take tambayata, ni da nake cikin ɗakina lafiya ban san amsar ba. Abin da ya taso ni zuwa Gamawa ke nan.

Kin ga yadda aka yi. Na durƙusa na miƙa masa hannu, ya ruga ya ɓuya a bayan zanenki yana leƙena. Da kika ce ya gaida Ummansa, fuskarki ya kalla. Na yi murmushi ne kawai don kada ranki ya ɓaci. Ba laifinsa ba ne, ba kuma naki ba. Shekara guda ce ta wuce, ba mai dawo mini da ita.

Malam ya ce mu ɗauko shi kawai, zai saba. Na roƙe shi ya bari. An raba yaron nan da uwa sau ɗaya, ba na son a maimaita masa. Idan kin amince, zan riƙa zuwa duk Juma'a in kwana biyu, in yi masa wanka, in ba shi abinci, har ya yarda da ni don kansa. Kada ki tilasta masa ya kira ni da kowane suna.

Ki aiko mini da abin da ya fi son ci, da waƙar da kike yi masa idan yana rigima. Ina son in koya kafin in zo.

Ki gaida maigidan da kyau.

Taki har kullum,
Surayya.