Bolum Ɗin Rediyon Inna

Ridwan,

Motar Bukkuyum ba ta jira, shi ya sa ban tsaya ka dawo daga fadama ba. Jiya muna gwajin kiɗan bikin Jamilu da za a yi a can, bolum ɗin jitata, abin murɗa murya, ya mutu murus. Na ce bolum ai bolum ne, na kwance na rediyon Inna na liƙa da dalmarka. Wallahi jita ta koma kamar mai magana cikin tulu. Ashe lambar jikinsu ba ɗaya ba: na Inna 10K ne, nawa 250K.

Don Allah ƙanena, tona kwalin tarkacenka ka nemo mini wani bolum. In babu 250K, ko 500K ne, gara ta yi tsiwa da ta shaƙe. Ka ba direban mota ta gaba kafin azahar, da la'asar za mu fara. Maigidan ƙungiyarmu ya rantse in ta sake shaƙewa, Usama, wani mai jita, zai maye gurbina.

Rediyon na ƙarƙashin gadona, bolum ɗinsa da na sake cirewa na gefe. Inna ta nema, na ce yana wurinka gyara. Ka rufa mini asiri, ka mai da ƙaryata gaskiya.

Yayanka,
Namadi