Fadamar da Ban Taɓa Nuna Maka Ba

Karasjok, 12 ga Yuli, 1987

Zuwa ga Lemet, mijina, tsohona na kaina,

Ya ranata da ba ta faɗuwa! Ya wutar murhuna a watannin duhu, ƙoramar da ke fara narkewa tun sauran suna daskare, mai furfurar da ta yi kama da gansakukar kan dutse! Kada ka juya takardar kana neman wanda ya rubuta, ni ce Ravdna. Shekara nawa Biret ke riƙe min alƙalami, shi ya sa ba ka taɓa samun komai daga gare ni ba sai zancen gishiri da igiya. Wa zai ce wa ’yarsa ta rubuta wa ubanta irin wannan? Yanzu da hannuna ya iya, sai ka yi haƙuri ka sha abin da na tara.

Mahaifiyarka tana lafiya. Tana cin abincinta, tana musu da mai karanta labarai a rediyo, kullum kuma ita ke cin nasara. Biret lafiya lau, sai dai ta rame a idona, ita kuwa ta ce idona ne ya yi ƙiba. Kare ya taka ƙugiyar kamun kifi, mun cire, yana ɗingishi ne kawai idan ana kallonsa. Saura ni da gwiwata, zan zo kan wannan.

Wasiƙarka ta iso ranar Talata, tana ƙamshin hayaƙi da iskar teku. Sau uku na karanta ta, sau ɗaya kuma na shinshina. Ashe hutu kake shirya mana! Mutumin da ya yi wata biyu a tanti yana bin garken bareyi a bakin teku, da ya tashi hutawa sai ya ce mu je mu kwana bakwai a wani tantin, a bakin tafki, inda sauro ya fi kifi yawa. Allah Ya bar min kai. Na yarda da tantin, na yarda da sanyin, har sauron na yi masa maraba saboda kai. Amma Ovlla fa? Ka rubuta cewa abokinka Ovlla zai zo da kwalekwalensa. Lemet, haskena, da wa ka yi alkawari a gaban coci, da ni ko da Ovlla?

To ga maganar gwiwa. Na je wurin likita makon jiya. Ya matsa nan, ya lanƙwasa can, ya cire tabarau ya ce, “Ravdna, a watan Oktoba za mu yi aiki. Za ki yi tafiya, amma a kan hanya mai kyau. Kin gama da tudu da fadama.” Na ce masa, “Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake hawa tudu.” Ya yi dariya, amma bai janye maganarsa ba. Ban faɗa wa Biret ba. Idan ta ji, za ta fasa tafiya makarantar jinya a Tromsø, ga shi ranar ashirin ga Agusta za ta tafi, akwatinta ma har ya sauko daga saman kabad.

Ka gane inda na dosa, ko? Luomi, ’ya’yan tsiron fadamar nan masu zaƙi da muke tsinkowa. Bana furen ya tsira, sanyi bai ƙone shi ba, ruwan ƙanƙara bai kaɗe shi ba. A makon farko na Agusta ’ya’yan za su nuna, fadama ta yi ruwan zinariya kamar an zubar da zuma a kan ciyawa. Ina da shekara goma sha shida mahaifiyata ta kai ni fadamarta, kamar yadda tata uwar ta kai ta. Kwana biyu a ƙafa daga inda hanyar mota ta ƙare. Babu ita a taswira, kuma ko yanzu da na iya rubutu ba zan sa ta a takarda ba, don ƙafa ce ke koyon wannan hanya. Biret ba ta taɓa zuwa ba. Kullum ina cewa baɗi, baɗi, tana makaranta, ƙafarta ba ta yi ƙwari ba, kada mura ta kama ta. Yau ga ta za ta tafi yamma, ni kuma ga wuƙar likita tana jirana. Idan ba mu je bana ba, fadamar ta ɓace ke nan, ta koma ta tsuntsaye.

Ka tuna shekarar da ka bi ni a ɓoye? Kana ɗan ashirin da biyu, da hularka mai jan tuntu, kana laɓewa bayan bishiyoyin da ba su kai kafaɗarka ba! Tun daga gada na hango ka. Na ja ka yini guda cikin taɓo, na bi da kai ta inda ko kare ba ya bi, har ka nutse zuwa cinya, taɓo ya haɗiye takalminka ɗaya. Da na juyo na tsaya a kanka na ce, “Malam, me aka jefar a nan?” sai ka ɗago kai, sauro ya rufe maka fuska, ka ce, “Ni ba luomi na biyo ba, ke na biyo.” Ƙarya kake, dukanmu kake so. Amma a ranar zuciyata ta tsage kamar ƙanƙarar kogi a watan Mayu, da ƙara, ba kuma ta sake haɗewa ba. Na cusa maka busasshiyar ciyawa a ƙafar da ba takalmi, na ɗaure da ɗankwalina, ka ɗingisa har gida kana waƙa.

Shekara ashirin da bakwai ke nan ina barin ka a bakin rafi da butar gahawa, in tafi in dawo da bokiti cike. Ba ka taɓa fushi ba. Sai dai ka ce, “A ina kika samo, gimbiya?” in ce, “A daji,” ka ce, “Kai, dajin nan yana ƙaunarki.” Kada ka ce rashin so ne. Bakinka ne, masoyina, bakinka! Wa ya je kanti ya ba da labarin tafkin da kifinsa ke kai tsawon hannu? Wa ya zana hanyar a bayan kwalin ashana? Da shekara ta zagayo motoci shida muka tarar, har da masu lambar Finland. Kai ba ka iya ganin abu mai kyau ka yi shiru, sai kowa ya ji daɗinsa tare da kai. Don wannan hali na aure ka, don shi kuma na ɓoye maka fadama. Ovlla kuwa ya ninka ka. Abin da ya gani da safe, kafin gahawa ta huce an ji shi har garin Alta.

Ga roƙona. Mu tafi mu uku, ni da kai da Biret. Akwai rafi biyu da ba zan iya tsallakewa ba bana, da wani gangaren duwatsu da ko tunaninsa na yi sai gwiwar ta amsa. Biret ba za ta iya ɗaukata ba, ba na ma so ta san ana bukatar ɗauka. Kai za ka goya ni kana tsokanata, ta ɗauka wasan tsofaffi ne. Wannan karon ba zan bar ka a bakin rafi ba. Mahaifiyata ta ce ’ya mace kaɗai ake nunawa, na kuma kwana biyar ina ba ta haƙuri a zuciyata. Amma ita ba ta da ’ya a Tromsø. Yarinyar nan za ta ga hanya sau ɗaya tak, ta tafi shekara uku cikin fitilun birni. Idan ta dawo ta manta wane dutse ake bari a hannun hagu, wa za ta tambaya? Dole a samu wanda zai riƙa zuwa duk shekara yana riƙe mata hanyar.

Ka zo da babban tanti, ba wanda ke yoyo ba, kada ka ce min ka ɗinke shi, na san ɗinkinka. Na shanya ciyawar da muke cusawa a takalmi don ɗumi, ta isa mutum uku, don safar da Biret ta saya a kanti ba za ta kai ta ko rafin farko ba. Rigar da take kira rigar sanyi kuwa, da ita da ɓawon albasa duk ɗaya. Dusar ƙanƙara tana iya sauka a can ko a Agusta, ka sani. Ka yi mata magana, kai take ji. An kuma ce an ga sawun beyar, ƙaton naman dajin nan, wajen tsaunin gabas. Na san ba ya kula mutane, kada ka yi min dariya, ka dai taho da karen Issat, abokin kiwonka, tunda namu ya zama ɗan wasan kwaikwayo.

Ka amsa min kafin Juma’a, ashirin da huɗu ga wata, don ranar ce zan faɗa wa mai motar wasiƙu ko ya ajiye mana kujeru zuwa ƙarshen hanya, in kuma nemi wadda za ta zauna da mahaifiyarka. Abin da za ka faɗa wa Ovlla, kai ka san shi, amma ka rubuto min cewa ka faɗa. Luomi ba ya jiran kowa, kwana goma ne ya zube.

Ya kai da nake hange a kowane tudu in iska ta taso daga teku, wuri ɗaya tak na hana ka a duk faɗin ƙasar nan. Zo ka goya ni in kai ka.

Taka, muddin koguna na gangarawa teku, da gwiwa ko babu,

Ravdna