Man Ban Ruwanmu Ya Ƙare a Kwalaben Yaya

Malam Nababa, don Allah ka taimake ni kafin in aikata abin da zan zo ina da-na-sani, domin tura ta kai bango. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Bagwai. Gandu ɗaya muke da yayana Badaru tun rasuwar Baba, kuma mahaifiyarmu, Inna Hure, ta ce muddin tana numfashi ba za a raba gonar nan ba.

Yaya ya yi shekaru yana gyaran rediyo a birni. Da waya ta kashe sana'ar, rayuwa ta yi tsada, sai ya dawo gida da kaya niƙi-niƙi. Mun ɗauka abin arziki ne, ashe tsofaffin amfilifaya ne, wato na'urorin ƙara sauti, na zamanin kakanni, masu wasu kwalabe a ciki da yake kira bawul, waɗanda sai sun yi ja kamar garwashi kafin su yi magana. Ba sayarwa yake ba, ba haya yake bayarwa ba. Ya cire wannan kwalba ya sa waccan, ya dangwala mita, ya murɗa wani ɗan ƙusa, ya kara kunne. Wai akwai wani gurnani a ƙarƙashin sautin da yake son ya kashe. Wallahi duk gidan babu mai jin gurnanin nan sai shi. Har daka yake hana matanmu in yana saurare, a jingine taɓarya tuwo ya makara saboda kwalba!

Duk wannan na shanye. Amma garinmu rabonmu da wutar lantarki har mun manta, don haka sai ya tayar da janareta. Ka san yadda fetur ya zama. Da ƙyar na haɗa jarka guda don injin ban ruwa, saboda mun dasa albasa a fadama. Ranar da za a ba ta ruwa na ɗaga jarka na ji ta sakayau. Ashe ya samo wata sabuwar kwalba a Zakirai, ya kasa haƙuri, ya juye man ya gwada ta. Kafin in samo wani, rana ta ƙone dashen ƙurmus. Da na yi magana, ko kunya babu, wai shi ma yana da haƙƙi a jarkar tunda gandu ne.

Ban ce ba ya noma ba, in ya riƙe fartanya babu mai cim masa. Amma yanzu ko gaisawa ba ma yi, na tsani ganinsa. Abu biyu nake saƙawa: ko in bari ya tafi kasuwa in farfashe tarkacen in kira 'yan gwangwan, ko in taka maganar Inna a raba gona kowa ya kama gabansa. Wanne zan yi?

Ƙanin Mai Kwalabe

Ƙanin Mai Kwalabe, ko ɗaya ba za ka yi ba.

Yayanka ya yi laifi, kuma ba ƙarami ba. Man gandu na cikin gida ne gaba ɗaya, hujjarsa ta banza ce, domin abin da aka tara don tukunya ba a kashe shi a kan sha'awar mutum ɗaya. A wannan marra, wanda ya ƙona dashen albasa ya taɓa abincin 'ya'yansa da naka. Hana mata daka kuwa son kai ne, ya daina.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Daga farkon wasiƙarka zuwa ƙarshe, tarkace kake kiran abin da mutum ya ƙare ƙuruciyarsa a kai. Sana'arsa ta mutu a hannunsa, ya dawo gida yana cin tuwo a gaban ƙaninsa, waɗannan kwalabe su kaɗai suka rage da yake jin shi gwani ne. Raininka ya riga satarsa zuwa, kuma ya sani.

Kada ka kai hannu cikin na'urorin nan nasa. Irinsu suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an kashe su, kuma fasa kayan wani zalunci ne ko da ya cuce ka.

Ka nemi kawunku ko limami, a zauna a gaban Inna. Yaya ya amsa laifinsa da bakinsa, ya ɗauki nauyin sabon dashe da guminsa. Jarkar gandu ta koma ɗakin Inna, ba mai taɓawa sai ranar ban ruwa. Man gwajinsa kuma ya nema da hannunsa: masallatai da masu shela ba sa rasa lasifikar da ta lalace.

Batun rabo kuwa, ka san ƙasarku, gona ta ƙare sai gidaje. In aka tsaga taku biyu, ba za ta ci da kai ba, ba za ta ci da shi ba, kuma tsohuwa za ta ƙarasa kwanakinta tana kallon iyaka tsakanin 'ya'yanta. Kai ne ƙarami, gobe da safe ka fara gaishe shi, ko da haƙora a cije. Allah ya huci zuciyarka, ya mayar muku da abin da kuka rasa.

Malam Nababa