Baƙuwarki Tana Mutuwa a Hannuna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, na zo miki da labarin da ba na son bayarwa: Baƙuwa tana mutuwa a hannuna.

Kin san wadda nake nufi. Ɗan itacen nan na bayan ɗakinki, mai ƙaya da ƙananan furanni farare, wanda kika taho da reshensa daga Jos cikin jiƙaƙƙen tsumma. Duk unguwarmu a Daura ba wanda ya san sunansa, sai kika raɗa masa Baƙuwa. Wani malamin gona ya ce dangin furen wardi ce, ƙasar sanyi take so, ba za ta tsallake bazara ba. Kika ce, "Ni ma ai daga Dutsi aka kawo ni, ga ni nan." Ta shekara goma sha biyu a hannunki.

Ni kuwa wata huɗu kacal, na kusa gamawa da ita.

Tun bayan sadakar arba'in ɗinki na ɗauki ɗawainiyarta. Bokiti biyu da safe, biyu da yamma. Na tula mata ɗanyen takin awaki. Ganye ya yi rawaya, na ƙara ruwa. Ya soma zuba, na sake ƙarawa. Na kasa zama wuri ɗaya, Inna. Ina tsakiyar tuƙin tuwo sai in ajiye muciya in je in leƙa ta. Yaya Sani ya ce a tumbuke ta kowa ya huta, tunda ba cin ta ake yi ba, ga ƙayarta na yaga tufafi. Na mayar masa da amsar da ba za ki so ji ba. Ya ba ni wa'adi zuwa ruwan farko.

Jiya Gwaggo Hanne ta zo daga Zango. Ta tsoma yatsa a gindin, ta shinshina, ta ce saiwa ce ke ruɓewa. Sai ta tambaye ni ko na taɓa ganinki da bokiti a wurin.

Ban taɓa ba. Abin da na sani shi ne ke a kan 'yar kujerarki, da butarki, kina alwala a gindinta. Buta ɗaya, sau biyar a yini, kan lokaci. Ashe cimarta ke nan.

Yau na kwashe takin, na yanke saiwoyin da suka yi baƙi, na zuba yashi. Rassa biyu masu ɗan rai na kafa su a tsohuwar tukunya, a inuwa, ko da uwar ta tafi.

Saura abin da nake jin kunyar faɗa miki. Tun da kika rasu babu mai leƙo ni ya ce, "Binta, lokaci." Sau da yawa azahar ɗina sai ta tarar da la'asar. Gwaggo ba ta sani ba. Yau ladan na ɗaga murya na ɗauki butarki na zauna inda kike zama, ruwan na sauka kan 'yan ganyayyaki bakwai da suka rage, ina kuka. Ban sani ba ko na makara.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya sanyaya miki ƙasar da kike ciki. Ya yafe mini jinkirina.

An kira la'asar, bari in tashi.

'Yarki mai kewarki,
Binta