Jibo Ya Daina Amsa Gaisuwa

Cadakori, farkon kaka

Zuwa ga ɗiyata Hamdiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina Gangara lafiya, yaran da kike koya wa karatu a lakol su ma suna lafiya. Ni nan sai godiyar Allah.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayata ce ta lalace, kuma kada ki ce za ki saya mini wata, na gaji da kai ta caji. Na tono bokon da muka koya a karatun manya ni da aminina Audu. In kin ga baƙi ya karkace ki miƙar da shi da kanki, ai aikinki ne. Bubakar direba zai riƙa kai takardar Maraɗi, ya ba 'yan motar wajenku. Ke ma ki riƙa maido amsa ta hannunsu.

Gero ya yi kyau bana. Wake ne tsutsa ta raba da mu, ta ɗauki babban kashi. Akuyar innarki ta haifi biyu.

Gidan dai yana nan yadda kika bar shi, ya yi mini yawa. Tun da innarki ta rasu ban iya daina abu guda ba. In na dawo daga masallaci sai na yi sallama a bakin ƙofa, in ɗan tsaya, kamar za ta amsa daga madafa. Kullum sai na ce gobe ba zan yi ba, goben ta zo baki ya riga ni.

Ki riƙa cin abinci. Allah Ya yi miki albarka.

Babanki,
Jibo

*

Gangara

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina yi maka barka da kaka. Takardarka ta zo, na karanta ta a tsaye a tasha, na sake karanta ta a ɗaki. Bokonka bai karkace ba, rowar magana ce dai ba ka daina ba.

Baba, na kira wayar Munir ɗan Baba Audu don ya miƙa maka mu gaisa, ya ce ka ce kana da aiki. Wane aiki ne ya fi muryata? Ina jin haushi, gara in faɗa. Ɗakin da nake haya a ƙarshen gari yake, in na rufe ƙofa ba mai ce mini ci kanki. Muryarka ta ranar Juma'a ita nake jira duk mako.

Bari in ba ka labarin aji, tunda kullum tsokanata kake wai me ake yi da Ingilishi a garin da ko akuya Hausa take ji. Wannan makon kalma guda muka yi ta fama da ita, wadda suke faɗa in mutum ya amsa, wato *respond*. Na ce wa yaran ba amsar baki kaɗai take nufi ba. A yi maka magana ka mayar, ita ce. A aiko maka takarda ka aika wata, ita ce. A yi ihun gobara ka fito da bokiti a guje, ko uffan ba ka ce ba, ita ce. Har marar lafiya, in an ba shi magani jikinsa ya karɓa, da ita suke faɗa, in kuwa bai karɓa ba su ce jikin bai amsa ba. Na yi ta zuba har maƙogwarona ya bushe, sannan na ce, “Kun gane?” Baba, aji ya yi tsit, ko tari babu. Dariya ta kama ni, na rasa wanda zan ba labarin, shi ya sa na ajiye maka.

Zancen sallama kuwa ya sa ni kuka. Kada ka daina don kunyar kowa.

Ka gaishe mini da Baba Audu da mutanen gidansa.

Ɗiyarka,
Hamdiya

*

Cadakori

Zuwa ga Hamdiya,

Bayan gaisuwa. Ni ne babanki Audu. Ban saba kai ƙarar babba wurin yaro ba, amma ke kaɗai ya rage yana saurara, kuma abin ya ishe ni.

Babanki ya ɗauki gaba da ni. Ran kasuwa na hango shi wajen masu goro, na yi masa sallama daga baya, ya yi biris. Na maimaita da ƙarfi har mutane suka juyo, shi ko waiwaye. Na haɗiye. Ana nan amalankena ya kafe a rairayi gefen gonarsa, ɗauke da dammunan gero, jaki ya durƙusa. Babanki yana sunkuye yana ɗaurin gero, ni da shi bai fi jifa ba. Na yi ta kiran Jibo, Jibo, har muryata ta dushe. Wani Bafillace mai wucewa ne ya taya ni turi. Babanki fa, mutumin da aka yi mana kaciya rana ɗaya!

Na san dalili. Gawon nan ne na kan iyakar gonakinmu da na sassare wa tumaki da rani ban tambaye shi ba. To, in don reshen gawo ne, ya buɗe baki ya zage ni mana, in ba shi haƙuri. Amma Musulmi ya yi maka sallama ka hana shi amsa? Ko maƙiyi ana amsa masa. Ba ni kaɗai ba kuma. Ya bar zaman dandali. A masallaci ya bar sahun gaba inda muke tsayawa tun muna samari, ya koma tsakiya, ana sallamewa ya sa takalmi. Gari ya fara cewa tun da ɗiyarsa ta zama madam ya fi ƙarfin mutane.

Ga abin da ya sa na rubuto. Matar Munir ta kusa sauka. Tun ba a haife ki ba na yi alkawari jikana na fari, in namiji ne, Jibrin za a sa masa, sunan babanki. Ba zan sa wa jinina sunan wanda ba ya amsa sallamata ba, ko goron suna ba zan kai masa ba. Ki gaya masa haka, ni na gama kira.

Allah Ya taimake ki a kan aikinki.

Audu

*

Gangara

Baba,

Ina gaishe ka. Yau ba labarin aji.

Baba Audu ya rubuto mini, ransa a ɓace ƙwarai. Ya ce ya yi maka sallama a kasuwa ka ƙi amsawa, ya kira ka a gona ka ƙi juyowa, kuma ya fasa sa wa jikansa sunanka. Na san ka. Ko ɓarawon akuya ya yi maka sallama sai ka amsa kafin ka kama shi.

Na zauna na haɗa abubuwan. Duk kiran da ya lissafa daga bayanka aka yi shi. Ka bar sahun gaba ka koma inda za ka ga mutane a gabanka. Ka ƙi karɓar wayar Munir. Baba, wayar ce ta lalace, ko kunnenka ne?

Don girman Allah ka gaya mini gaskiya. Tsoro nake ji.

Ɗiyarka,
Hamdiya

*

Cadakori

Hamdiya,

Na amsa gaisuwarki. Wayar lafiyarta lau, tana cikin kwalla a ɗakin innarki.

Abin ya fara ne bayan zazzaɓin da na yi da bazara. Da farko kamar ruwa ya shiga kunnen, sai na hagu ya tafi, na dama ya bi shi a hankali. Ranar da kika kira na ƙarshe na ga wayar tana haske, na kara a kunne, ban ji komai ba. Na san kina can kina cewa Baba, Baba. Na kashe ta na ajiye.

Na je Maraɗi wajen likita ban gaya wa kowa ba. Ya ba ni magani na sha duka, na koma, ya gwada ni da na'ura ya girgiza kai. Irin abin nan ne da kika koya wa yaranki, an ba kunne magani bai amsa ba.

Wallahi ban ji Audu ba. Gawo kuma, wane gawo? Na ma manta an sare shi. Da na karanta cewa jakinsa ya durƙusa ina nan sunkuye, abinci bai shiga bakina ba ranar.

Za ki ce me ya hana ni faɗa. Kin tuna marigayi Ɗan Azumi? Mutum ne da ake kira in za a raba gado. Da kunnensa ya mutu, sai ya zama Ɗan Azumi kurma. A tsaya kansa ana ihu kamar ana korar tsuntsu daga gona, a yi shawara yana zaune ba a dube shi ba. Ni ma na yi masa ihun nan. Na ga gara a ce Jibo ya yi girman kai da a ce Jibo kurma. Ban san abin zai kai ga Audu ba.

A sahu ina kallon bayan na gabana, in ya sunkuya in sunkuya. Fatihar liman ma ban san lokacin da take ƙarewa ba, amin ɗina a zuci nake yi. Kewar muryar mutane nake, har ta masu surutun da na saba guje wa.

Kada ki faɗa wa kowa, har Audu. Wannan umarni ne. Sunan kuwa, jikansa ne, ya sa wanda ya ga dama.

Babanki

*

Gangara

Zuwa ga Baba Audu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ya jikin matar Munir? Allah Ya sauke ta lafiya.

Na tambayi Baba, ya ba ni amsa, ya kuma hana ni faɗa. Ba zan saɓa masa ba. Abin da zan iya cewa, ba gawo ba ne, kuma ba gaba ba ce.

Alfarma ɗaya nake roƙo, ko ba don shi ba, don Inna da take kabari. Ka je ka same shi shi kaɗai, ba a gaban mutane ba. Ka tsaya bayansa ka yi sallama yadda ka saba. In bai juyo ba, kada ka tafi. Ka zagayo gabansa ka sake yi, ka duba ina idonsa yake kallo.

Bayan nan duk abin da ka yanke, ba zan ce komai ba.

Ɗiyarka,
Hamdiya

*

Cadakori

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa. Ba ki faɗa ba, na yarda, amma wayonki na innarki ne sak.

Ina gyaran rumbu sai na ga inuwa ta zagayo gabana. Audu ne. Bakinsa yana motsi, ni kuwa na kafa wa bakin ido ina neman abin da yake cewa. Sai ya daina. Ya dube ni, ya dube ni, ya nuna kunnensa. Na ɗaga kai. Ya zauna a kan turmi ya rufe fuska da hula. Da ya tashi ya yi ta faɗa, hannu na tashi sama, jijiyar wuya ta fito. Na tabbata zagi na sha mai kyau, kuma karon farko ke nan da na gode wa ciwon nan.

Matar Munir ta sauka lafiya, amma mace aka samu, don haka Jibrin sai ya jira. Audu da kansa ya kawo mini goro, ran suna kuma ya zaunar da ni kusa da shi. Ban san me ya gaya wa mutane ba. Kowa dai ta gabana yake zuwa ya miƙo hannu, mutum biyu ne kawai suka yi mini ihu, Audu ya harare su. Da liman ya raɗa suna sai na ga an shafa fatiha, duk an juyo ana kallona. Na rasa dalili. Audu ya share ƙasa da tafin hannu, ya rubuta da yatsa, da bokon nan nasa mai kama da sawun kaza: Zahra'u. Sunan innarki na yanka, wanda laƙabinta Talatu ya danne har mutane suka manta da shi. Shi bai manta ba.

Na kama hannunsa na riƙe.

Ki zo da hutu. Ki riƙa zama gabana in za ki ba ni labarin aji, na fara gane baki kaɗan-kaɗan. Muryarki ce dai ba zan ƙara ji ba, wannan kam yana ci mini rai.

Allah Ya yi miki albarka.

Babanki,
Jibo

*

Cadakori

Hamdiya,

Gaisuwa. Mai sunan innarki tana lafiya, tana shan nono.

Yanzu tare muke dawowa daga masallaci da babanki, ina bin gefen hanya saboda babura, tunda ba ya jin tahowarsu. Sai na kai shi ƙofa nake wucewa. A nan na ga abin da ban sani ba. In zai shiga sai ya yi sallama, ya ɗan tsaya, alhali ba kowa a gidan.

Ranar farko na juya na tafi gida ina tunanin abin. Tun daga washegari, in ya yi, ni nake amsa masa daga baya.

Ba ya ji. Kada ki faɗa masa.

Allah Ya kawo ki lafiya.

Babanki,
Audu