An Ce wa Tela Ya Nutsu

Zuwa ga Malama mai binciken ƙwaƙwalwa,

Sallama irin ta manya. Ni ne Farfesa, shugaban masu awon ƙwaƙwalwa na gabas da yamma. Ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki alƙalami ba, raina a ɓace yake.

Akwai wani tela mai ciwon nan na jin muryoyi, da ya yarda ya shiga bincikenku. Awon farko kun shafa masa mai a ka, kun ɗora hular wayoyi, kun maƙala ɗaya a kunne, kun ce ya rufe ido. Da dariya ya dawo gida. Awo na biyu sai ga sabuwar hula busasshiya, babu mai, babu ta kunne, ido a buɗe. Ma'aikacinku ya leƙa na'ura ya ce, "Kai, layukan nan sun hargitse!" A gaban mara lafiya!

Tun ranar tela ya garƙame shago ya shige ɗaki, wai kansa ya gama lalacewa. Magani ma sai uwarsa ta yi kuka yake sha. Ku ba ni amsa, kafin in aiko a kwashe wayoyinku a yi igiyar shanya da su.

Wassalam,
Farfesa

Zuwa ga Farfesa,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ban taɓa jin labarinka ba, kuma hatimin takardarka warin robar takalmi yake yi.

Duk da haka ga amsa. Awon hula mai mai da na busasshiya ba a jera su kai tsaye. Sauya wurin wayar kunne, ko buɗe ido kawai, yana sauya layukan ko da na mai lafiya ne. Awon nan kuma ba shi ke faɗin ciwo ya ƙaru ko ya ragu ba. Ma'aikacina ya yi suɓutar baki, kuma ya ji ba daɗi daga wurina.

Amma ni ma da nawa fushin. Duk wanda aka ce ya nutsu, ya kama rangaji yana motsa leɓe, ya ɓata mana aiki, domin motsin muƙamuƙi kawai na'ura za ta kwasa. Zancen wani mara lafiya kuwa, da danginsa nake yi, ba da baƙo ba.

Na gode,
Mai bincike

Malama,

Gaisuwa a taƙaice. Nutsu kuka ce masa? To ai ya nutsu! A makarantar da ya yi, in malam ya daka tsawa ya ce "Ka nutsu!" ba gunki ake zama ba, karatu ake kamawa, ana rangaji har wuya ya gaji. Bawan Allah ya ba ku nutsuwar da ya fi ƙwarewa a kanta, yana ta gumi don kada ya ba ku kunya, kun kira ta hargitsi. Ku da boko ya cika wa ciki, ko tambayarsa kun yi?

Jiya ya tura wa maƙwabci keken ɗinkinsa, wai ya sayar. Ki rubuto da hannunki cewa kansa bai lalace ba. Naki kaɗai zai yarda da shi.

Farfesa, cikin fushi

Zuwa ga Farfesa,

Barka da aiki. Wannan ban sani ba, kuma ya yi mini zafi. Daga yau abin da za mu riƙa cewa shi ne, "Saki jiki, bar baki ya huta." Takardar na rubuta, tana kan teburina. Ɗan gidansu zan miƙa wa, farfesa ko ƙyallinta ba zai gani ba.

Ka huta lafiya,
Mai bincike

Ranki ya daɗe,

Ina gaisuwa, gwiwa a ƙasa. Farfesa ya rasu da safiyar nan, ya bar takalmi ƙafa ɗaya da rami a dunduniya, inda aka yanko hatiminsa. Ni ne Auta, ƙanen tela, uwa ɗaya uba ɗaya. Allo kaɗai na yi, bokon nan a jikin kwalin magani na tsince shi. Sau nawa na zo ƙofarku da sunana, mai gadi ya ce in jira.

Ina tafe. Na tsayar da maƙwabci, keken bai fita ba. Don Allah ki buga hatimi babba, Yaya yanzu ya san warin nawa.

Naki,
Auta