Kitson Masarar Kaka

Mandaree,
Kakar 1954.

Zuwa ga Yaya Verna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya kare ku daga sanyin Chicago, ya kuma sa kin daina ƙona miya. Mu nan muna numfashi dai. Kawu Rufus na tari, Inna na ɗauko ruwa daga nesa tun da aka kwashe mu zuwa kan tudu.

Yaya, ruwan madatsar da aka gina ya shanye garinmu Elbowoods. Na je na leƙa, ko kan bishiyar gidanmu ban gani ba. Ramin da Kaka Adeline ke ɓoye irin masara yana can ƙasa, don ranar tashi motar da ta kwashe mu ba ta jira mun tona ba. Ɗan abin da ta ƙullo a zani ta shuka a nan. Na kafa mata rumfa, ta hau tana yi wa masarar waƙa kamar kullum, ni kuma ina ƙasa ina kukan hankaka don ta jefe ni da takalmi. Ba ta jefa ba. Iska ta ƙone gonar kafin ta yi goyo. Na ce mu roƙi iri wurin ƙawarta 'yar ƙabilar Arikara, ashe ita ma nata ya nutse, ga tafki ya raba mu. Mu ƙabilun nan uku, Mandan, Hidatsa, Arikara, yanzu sai dai mu hangi hayaƙin juna.

Kaka ta daina cin abinci. Ta ce masara 'ya'ya ce, ta bar 'ya'yanta a ruwa, da wane baki za ta ci. Na kira ta amaryata, na ce zan sake ta in auri mai haƙora. Ko kallona ba ta yi ba.

Sai na ce mata kitson shuɗiyar masarar da ta rataya miki a wuya ranar tafiyarki yana nan, ba ki taɓa ko ƙwaya ba. Ta daɗe tana dubana, ta ce in wasan nawa ne in bari. Na rantse. Ta sha romo.

Don Allah ki duba. In yana nan, ki aiko kafin ƙanƙara ta narke lokacin shuka ya zo. In yunwa ta sa kun dafa, ba mai ganin laifinki, amma ki rubuto wa ni kaɗai. Tun da aka haife ni, yau ne Kaka ta fara yarda da maganata, ni kuwa ban san ko gaskiya na faɗa ba.

Ki gaida maigidanki Yaya Clement da yara, su Lorraine. Inna da Kawu suna gaisuwa.

Ƙaninki,
Emmett Hankaka